Ƙanen Tsamiya

Ina cikin aji huɗu ina yi wa ɗalibaina rubutu a allo, ranar Talata da hantsi, waya ta yi ƙara a aljihuna. Baffa Buba ne, makiyayin nan aminin mahaifina. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Malam Auwalu, sai haƙuri. Baba Ilu ya riga mu gidan gaskiya."

Na yi salati. Na ce, "A gida?"

"A kurmi. Na koro shanu zan wuce, na gan shi a jingine da marke, fartanya a kan cinyarsa. Sau uku ina sallama."

Zan faɗi abin da ya fara zuwa zuciyata, ko da bai yi kyau ba. Kafin hawaye, kafin na nemi mota daga Birnin Kudu zuwa garinmu a ƙasar Gwaram, abin da na ce a raina shi ne: ko a mutuwa ma, itatuwa mahaifina ya zaɓa.

Ku da kuka san shi, kun san farcen nan na babban yatsansa na dama, wanda ba ya yankewa. Ba ya wuce itace bai kankare shi ba. Ko a gidan biki ne, ko a bakin tukunyar mai ƙosai, sai ya sunkuya ya ɗan kankare ɓawon. Idan ya ga fari busasshe, ya ce, "Wannan ajalinsa ne." Idan ya ga kore, to ranar mai itacen ya shiga uku.

Kurmin dai shi ne filin nan na gabas da garinmu, can ɓangaren Maruta, wanda kakanni suka ce ba a noma shi, ba a sayar da shi, na kowa ne. Abin kowa kuwa ba ya da mai kuka, sai Baba ya ɗauki kukan. Babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ya taɓa biyansa. Da damina kurmi yana tsaron kansa. Da hunturu ne aikin yake: sanyi ya sa kowa neman itacen jin ɗumi, ciyawa ta bushe ƙayau, samari kuma na cinna wuta don su koro gafiya. Saboda haka kowace shekara, da an gama yankan dawa, sai ya ɗauki fartanya ya share ciyawa faɗin taku shida, ya kewaye kurmin kaf, don in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Mutanen gari suka sa wa sharar suna titin Baba Ilu. Mai unguwa yana cewa shi ne kaɗai titin da ake gyara mana duk shekara.

A bakin titin nan, daga arewa, akwai tsamiya. Ita ce matsalata.

Sunana Auwalu, amma a gidanmu ni ne na biyu. Baba ya ce ya dasa tsamiyar nan kwana goma sha huɗu kafin a haife ni, saboda haka yayata ce. Tun ina ƙarami, in mun bi ta wajen sai ya ce, "Kai, ba ka gaida yayarka?" Ni kuma in durƙusa in ce wa bishiya ina kwana. Yaran gari suka ji, shi ke nan, na zama Ƙanen Tsamiya har na gama sakandare. Sunana na yanka kuwa ban taɓa ji a bakinsa ba. Ina yaro "kai" ne, da na girma na koma "malamin makaranta". Ita ko yana shafa jikinta yana cewa, "Kin rame bana, 'yar albarka." Wani ya taɓa ce masa, "Baba, ka rage zama a gindin tsamiya, gidan aljanu ne fa." Ya ce, "To madalla, ashe ba ni kaɗai ke gadi babu albashi ba."

Dokarsa ɗaya ce: busasshe na kowa ne, ɗanye na Allah ne. Kuma dokar ba ta san gida ba. Wata shekara ana sanyi mai shiga ƙashi, Inna ta ɗora tukunyar tuwo. Baba ya shigo, ya tsaya, ya shaƙi hayaƙi. Sai ya durƙusa ya zaro itace ɗaya daga murhu, ya kankare gindinsa.

"Wa ya kawo wannan?"

Inna ta ce, "Saya na yi."

"Wannan da ransa aka sare shi!"

Inna ta ajiye muciya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To Malam, a kira liman a yi masa salla mana."

Bai yi dariya ba. Ya zare sauran guda uku, ya kashe su da ƙasa, ya rungume su ya tafi neman wanda ya sayar. Ranar tuwo da gudaji muka ci. Inna ta ce mu ci da haƙuri, gidan makoki ne.

Na masu gawayi kuwa, har Gwaram ana ba da labarinsa. Wasu mutum uku suka zo daga nesa da gatura, suka nufi ƙatuwar kiryar nan ta tsakiyar kurmi. Baba tsoho ne, shi kaɗai, ba ya da ƙarfin faɗa. Ya yi musu sallama, ya ce sannunku da aiki, ya shimfiɗa buzunsa daidai inda bishiyar za ta faɗo, ya ta da kabbara. Suka tsaya jira. Wa zai kayar da itace a kan mai salla? Ya sallame, babbansu ya matso ya ce, "Baba, don Allah ka ɗan..."

"Allahu Akbar!"

Ya sake sallamewa. "Baba, ko ka koma can..."

"Allahu Akbar!"

Tun walaha har rana ta kusa tsakiya. Ɗayansu ya ce, "Wannan tsoho bashin sallar shekara nawa ake bin sa?" Suka saɓa gatura suka tafi. Kwana biyu Baba bai iya miƙe gwiwa ba. Inna na gasa masa da ruwan zafi yana cewa, "Allah ya saka wa masu gawayi da alheri, rabona da ibada irin wannan tun ina saurayi."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Amma na tuna ranar da aka ba ni kyautar na ɗaya a firamare, ko leƙowa bai yi ba, wai akuyoyi sun shiga wajen dashe.

Da na fara aiki, albashina na farko na saya masa rigar sanyi mai kauri, ruwan ƙasa, mai aljihu biyu. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, "Allah ya yi albarka." Na yi kwanaki ina jin daɗi. Bayan mako biyu na dawo gida, na same shi da tsohuwar rigarsa, yana rawar ɗari. Na bi titi ina neman bayani, sai ga rigata a jikin wata 'yar kaɗanya da ba ta kai ƙuguna ba. Ya sa mata, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya kewaye ta da ƙaya.

Na ce, "Baba, kai na saya wa fa."

Ya ce, "Na gode. Amma ni akuya ba ta cina."

Babbar ita ce ta ranar ɗaurin aurena. Lokacin sanyi ne, Asabar da safe, a ƙofar gidan surukaina. An taru, an raba goro, liman ya gyara murya. Sai na ga hancin Baba yana motsi. Ya juya gabas. Wani siririn hayaƙi ne, ni ban ma gan shi ba sai da ya nuna. Ya miƙe tsaye, ya tattare babbar riga, ya kwarma ihu: "Wuta a kurmi!" Ya zuba a guje, rabin taron ya bi shi, har da mai rabon goron da farantinsa. Aka ɗaura aurena da liman da tsofaffin da ba sa iya gudu. Da azahar ya dawo baƙi ƙirin, babbar rigar da aka ɗinka don bikin ta zama tsumma, da ita ya riƙa dukan wuta.

Na daure na ce, "Baba, ranar aurena ce fa."

"Amarya ta ƙone?"

"A'a."

"To kanya biyu sun ƙone. Wa ya fi buƙatar jaje?"

Har yau in matata ta so tsokanata, sai ta ce ita dai Allah ya taimake ta ba ta da ganye, da surukinta ya zo ganinta kullum.

Shi ba ya riƙe waya, wai tana kore tsuntsaye. In yana son magana da ni, sai ya sa Baffa Buba ya kira. Kuma kullum abu ɗaya ne: "Malamin makaranta, yayarka na gaishe ka." Ko kuma, "Yayarka ta ce an kwana biyu." Ko, "Yayarka ta yi 'ya'ya bana, ba ka zo barka ba." Ni kuwa in ji haushi. Ina da shekara arba'in, ina da 'ya'ya uku, mahaifina bai taɓa cewa ya aiki, ya iyali ba, sai labarin bishiya.

Makonni uku kafin rasuwarsa ya kira. Muryarsa ta ɗan dushe.

"Yayarka ta ce bana titi ya yi wa tsoho tsawo."

Tunda nake, bai taɓa neman in taya shi ba. Ko fartanyarsa ba ya bari in taɓa. Ya kamata in ji abin da ke cikin maganar. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ta miƙo reshe ta taya ka mana, Baba. Ai ita ce babba."

Ya yi dariya har da tari. Na ji yana cewa, "Ka ji shi, Buba! Shekara arba'in bai huce ba!" Na ce zan zo in an ba da hutu. Saura kwana goma a ba da hutun, Baffa Buba ya kira ni ina aji huɗu.

Bayan addu'ar uku, mutane sun ragu, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa kusa da ita, na ce, "Inna, ko sau ɗaya bai kira sunana ba."

Ta ce, "Ni na taɓa kira ne?"

Gaskiya ne. Na san al'ada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Na ce, "Amma ai shi cewa yake ba ni ne na fari ba."

Inna ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar Talata. "Ƙarya ya yi wa tsamiya ta kwana goma sha huɗu, har da ɗoriya. Ranar sunanka ya dasa ta. Kunya ta kore shi daga gida tun asuba, ya ɓuya a kurmi, bai dawo ba sai da aka watse, hannu duk laka. Ya ce mini, idan ya yi maka yaya, ka sauka daga ɗan fari, sai ya samu bakin yi maka magana." Ta ja carbi ɗaya. "Bakin ne bai samu ba har ya koma. Sai ya riƙa aiko ta."

Na zauna ina jero gaisuwar nan ta shekara da shekaru. Yayarka ta ce an kwana biyu. Yayarka na tambayarka.

Ba zan ce kishin ya tafi ba, don ban saba ƙarya ba. Ita ta sha shafa, ni saƙo na sha.

Washegari Baffa Buba ya ce in zo mu zaga. Muka bi titin, tas da shi, kamar an share tsakar gida. Muka wuce kiryar masu gawayi, muka wuce kaɗanyar rigata, yanzu ta fi ni tsawo sau biyu. Muka wuce marken da aka same shi a gindinsa. Daga can gaba kaɗan sai shara ta ƙare, ciyawa ta tsaya har ƙirji, busasshiya, ta miƙe har gindin tsamiya.

Na ce, "Ai daga tsamiya yake farawa kullum."

"Shekara talatin ina ganinsa, daga nan yake farawa. Bana ya bi ta ɗaya gefen. Na ce masa, Ilu, ka bar 'yar lelenka a cikin ciyawa? Kawo in share maka. Ya ce kul, kar in taɓa. Wurin nan na ƙanenta ne, zai zo in an ba da hutu."

Ya miƙo mini fartanyar Baba. Ƙotarta ta lotse daidai wurin yatsunsa, nawa ba su zauna a ciki ba.

Allah ka jiƙan Baba Ilu. Ka yafe masa, ka yafe mini maganar da na faɗa masa a waya. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi inuwa ranar da babu inuwa sai taka, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tsare wa mutane inuwa. Amin.

Jiya na fara. Hannun alli ba na fartanya ba ne, kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Baffa Buba yana zaune a inuwa yana kallona, ya ce wasiyya ce, ba zai sa hannu ba. Da yamma mun hango hayaƙi daga arewa, samari sun fara farautar gafiya. Tsakanin inda na tsaya da gindin yayata saura taku arba'in, ban share ba tukuna.