Malam Rariya da Takarda ta Goma

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Rariya a shekarar 1952, a gida na uku bayan tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarsa ungozoma. A jami'a, inda ya kammala a 1977, ya samu wannan laƙabi, domin ko gaisuwa aka aiko masa sai ya tace ta.

Aiki

A 1984 ya ƙuduri aniyar tattara duk binciken da aka taɓa wallafawa a kan tambaya guda: shin barcin rana yana ƙara wa ɗalibi hadda? Ya rubuta sharuɗɗan karɓa da na watsarwa tun kafin ya buɗe mujalla, ya tara takardu 3,140, ya cire maimaici, ya tace ta hanyar duba taken kowace takarda da taƙaitawarta, sannan da cikakken karatu, har suka koma goma. Shi kam duk tsawon lokacin bai runtsa da rana ba.

Aure

Ƙa'idar irin wannan aiki ta wajabta mutum biyu su tace, kowa shi kaɗai, don haka ya nemi wata ma'aikaciyar ɗakin karatu. Suka dace a kan tara, suka saɓa a kan ta goma: ita ta ce a saka, shi ya ce ɗalibai goma sha biyun da aka gwada sun yi kaɗan. Da musun ya yi tsawo har mutane suka fara tsegumi, sai suka yi aure a 1987. Auren ya ƙara dagula al'amari, domin mutum na uku marar ɓangare ne kaɗai ke raba gardama, alhali duk wanda suka sani ya zama suruki ko ɗa. Aikin ya tsaya cak shekara talatin da biyu.

Rasuwa

A 2019, a gadon asibiti, ya ce, "Uwar yara, na sake karantawa. Saka ta."

Ta ce, "Ai ni ma na sake, Malam. Gaskiyarka ce, cire ta za a yi."

"Wallahi ba za a cire ba!"

Ma'aikatan jinya sun shaida cewa tun da aka kwantar da shi ba su ji muryarsa da ƙarfi haka ba. Ya rasu washegari da hantsi, aka yi jana'izarsa da la'asar.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: likita, tela, direba, da auta malamar lissafi, wadda ta roƙi mahaifiyarsu ta yanke hukunci a buga aikin, tunda yanzu babu mai ja. Tsohuwar ta mayar da takardar aljihun tebur, ta ce, "In na yanke, da wa zan yi musu?"