Gorar Zamzam da Inna Ba Ta Buɗe Ba

Ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da yayata ta nutse a kogi. Ranar kasuwar tsallake ce, ta shiga kwalekwalen wani maƙwabcinmu da kwandon kifi busasshe. An yi wa jirgin lodin albasa fiye da kima, a tsakiyar ruwa ya kife. Mutum uku ba su fito ba. Jandarma suka tsare mai jirgin kwana kaɗan, dattawan unguwa suka sa baki, aka ce ƙaddara ce, aka sako shi.

Waɗanda suka tsira sun faɗi wani abu da bai kai kunnen jandarma ba. Sun ce da jirgin ya kife, mai jirgi injinsa ya fara rungumewa. Inna ta ji wannan magana a wajen zaman makoki. 

Bayan shekara goma sha ɗaya mutumin ya samu kujerar Makka. A Gaya mai niyyar aikin hajji yakan bi gida gida yana neman yafiya, don kada ya tsaya a Arfa da hakkin wani a wuyansa. Ya zo zaurenmu da hantsi, ya durƙusa gaban mahaifina.

"Malam, zan tafi. A yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Baba, yana kallon tabarma.

Har ya sa takalmi, sai muryar Inna ta fito daga bayan katanga.

"Ni fa? Ko Malam ne ya yi naƙudarta?"

Ya dawo ya tsuguna a bakin ƙofa. "Baiwar Allah, ke ma ki yafe mini."

"Me zan yafe? Faɗi abin da ka yi."

"Ruwa ne ya fi ƙarfinmu."

"Ban tambaye ka ruwa ba. Me ka fara kamawa?"

Na ga gumi yana bin wuyan rigarsa. Baba ya ce a bar maganar haka, ba wanda ya saurare shi. Mutumin ya ce, "Inji."

"Tana ina lokacin?"

"Kusa da ni. Ta kira ni kawu."

Muka ji Inna ta ja turmi ta ci gaba da daka. Ya jira har rana ta kai tsaka, sannan ya tashi.

Da ya dawo daga Makka ya aiko mana da dabino da ƙaramar gorar zamzam, kamar yadda ya aika wa kowane gida. Inna ta raba wa jikokinta dabinon. Gorar kuwa ta ɗora ta kan kabad, ba ta buɗe ba, ba ta kuma zubar ba. Duk Juma'a takan goge mata ƙura.

A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta. Ƙanwarta ta matsa mata. "Yaya, ki sauke wannan kaya. Kalma ɗaya ce." Inna ta yafe wa marigayi Baba, ta yafe mini, ta yafe wa wata mata da suka yi shekaru ba sa gaisawa. Da aka ambaci mai jirgi sai ta nemi a ba ta ruwa. Ƙanwarta ta miƙa hannu wajen gorar. Inna ta ce, "Na randa."

Ranar da aka binne Inna, a maƙabarta, bayan an watse, mai jirgin ya tare ni. Ya tsufa, yana dogara sanda.

"Ɗana, ta bar mini wata magana?"

Na san abin da yake so. Ba wanda zai ƙaryata ni in na faɗa, Baba ma ya riga ta tafiya. Amma hakkin nata ne, ni kuwa ba ta ba ni shi ba.

"Ba ta ambace ka ba, Alhaji."

Ya gyaɗa kai, ya yi mini gaisuwar rashi yadda ya kamata, ya juya.

Gorar tana gidana yanzu. Ruwan ya ragu kaɗan, ko da yake murfin na nan yadda ya zo.