Neman Gonar Ƙarshe a Bungudu

Asabar, Tsafe zuwa Kwatarkwashi

Ana sallame asuba na ɗaura wa jaki mangala na fita Tsafe. Inna ce ta aike ni. Tun shekarar da mahara suka kama babana a bakin gonarsa a Bungudu, kafin zuwan Nasara, ta goyo ni muka dawo wurin danginta. Yanzu ta tsufa, ta ce in gonar tana nan za mu koma kafin ruwa ya sauka. Har ta ƙulle kayanta. Kwatancen da ta ba ni kuwa ko makaho ba ya ɓata: "Ka hita ƙohwar yamma, ka yi ta tahiya. Tamu ita at ta ƙarshe, daji na bayanta."

Dajin da aka tsorata mu da shi muna yara ban gan shi ba, sai kututture da toka. Da la'asar na isa Kwatarkwashi. Mutanen da iyayensu suka maƙale kan dutse don tsoron mahara sun sauko, kowa ya zama jarumi, yana sassabe inda kakansa bai isa ya je itace ba. Na kwana a zauren wani maƙeri, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka. Ya ce fartanya yake ƙerawa dare da rana, rabonsa da kibiya har ya manta.

Lahadi, Gusau

Na shiga da hantsi. Dogarin ƙofa ya zazzage mangalata da ƙwazo, ya kama babban laifi, wato dunƙulen fura biyu, ya rage mini ɗaya. A masauki kowa zancen auduga yake, har liman.

Litinin, Bungudu

Na isa da azahar, na fita ƙofar yamma yadda aka ce. Gona, gona, gona. Na wuce rugar wani Bafulatani mai suna Jaɓɓe, yana ta faɗa wai burtalin shanunsa ya koma kamar hanyar ɓera. Sai da rana ta yi ja na ga daji. Na sauka a gonar ƙarshe, na yi addu'a, har na yi hawaye, ni ɗan halak mai gadon uba. Mai gonar ya bar ni na gama kukana tsaf, sannan ya ce bara ya sare ta da hannunsa, shi ma baƙo ne daga Katsina.

Talata

Aka kai ni wurin wani tsoho, Baba Ɗanjimma, wanda ya san babana. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ja ni muka koma ta baya. Daga ganuwa ko taba ba ka gama taunawa ba ka iso. Gonar tana nan, da tsamiyarta, a tsakiyar gonaki kamar cibiya. Ta shekara goma tana saura, ba mai nomanta, mai gari ya ba wani, ya sare, ya kai taki, ya haifi 'ya'ya a kanta. Gona ta zama tasa, na kuwa sani. Mai gari ya yi mini alheri: in ina so, a yanka mini wata can bakin daji, in zama na ƙarshe kamar ubana. Na yi godiya irin wadda ake yi wa manya.

Alhamis, gida

Na iso Tsafe da la'asar sakaliya. Inna tana zaune jikin ƙullin kayanta. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Na zaci gonar za ta yi wa kuka, sai ta tambaye ni nisan dajin yanzu. Na ce tafiyar azahar zuwa magariba.

"Duk mutane?"

"Duk mutane, Inna."

Sai ta ce, "Ashe da yanzu na, da ubanka ya yi kuwwa an ji shi."

Ta jawo ƙullin ta fara kwancewa, ta ce in ba jakin ruwa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da maƙerin Kwatarkwashi, da Baba Ɗanjimma. Dogarin Gusau ma na yafe masa furar.