Kawu Shuɗi, Mai Fentin Banki

Ƙanin mahaifiyata ne, mai fenti, amma duk unguwa Shuɗi ake ce masa. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin faratansa babu wannan launi ba. Ko da kananzir ya wanke ba ya fita. Matarsa, da muke kira Anti, takan tsokane shi wai shi kaɗai ne mijin da bankin ya buga wa tambari.

Lokacin da ya fara, bankin ɗaki biyu ne kacal a saman wani shagon taya. Manajan farko, wani siriri mai tabarau, ya leƙo ta taga ya hango Kawu yana rubuta allon mai aski, sai ya yafito shi.

"Na ga hannunka ba ya rawa. Za ka iya mana manyan baƙaƙe?"

"Ranka ya daɗe, ko a jikin ruwa ka ce in rubuta, zan gwada."

Shi ya rubuta allonsu na farko, fari a kan shuɗi. Daga nan bankin ya fara haihuwa. Aka buɗe reshe a bakin kasuwa, aka buɗe a garin gaba, aka bi babban titi gari bayan gari, har aka tsallaka iyaka zuwa ƙasashen maƙwabta. Duk inda za a buɗe, Kawu ne kan gaba, a bayan babbar mota tare da tsaninsa da gwangwanaye. A cikin ginin yake kwana a kan kwali, tagogi a rufe don kada ƙura ta ɓata aiki, yana shaƙar warin fenti har gari ya waye. Ranar buɗewa kuwa, in manya suka zo da almakashi da masu hoto, sai ya koma tsallaken titi ya tsaya, saboda kayan jikinsa.

Yana son aikin, wannan ba ƙarya. In ya dawo, zama muke yi ya yi ta ba mu labarin garuruwan da bai iya ko gaisuwarsu ba. Amma yana can aka haifi 'yarsa tilo. Yana can kakarmu ta rasu, sai ƙasar kabarinta ya tarar.

Anti ta sha ce masa, "Maigida, ka yi musu magana su ɗauke ka ma'aikaci mana. Wannan kira-ka-zo ɗin har yaushe?"

"Manaja ya ce ni nasu ne. Me kike ci na baka na zuba?"

Haka shekaru suka tafi. Manajan ya zama babba a hedikwata, ya yi ritaya, ya rasu. Bankin ya haɗiye wasu ƙananan bankuna, sabbin shugabanni suka zo da sabon launi da allunan roba masu wuta a ciki, wani kamfani ke kawowa a shirye. Aikin ƙarshe da suka ba Kawu shi ne ya bi rassan da ke kusa ya shafe tsohon rubutu da farin fenti. Ya karɓa, don gida babu abinci.

A lokacin tari ya riga ya kama shi. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya tambayi sana'arsa, ya girgiza kai. Ya ce huhun ya ci fenti da yawa, magani sai dai ya rage masa wahala.

Da ya tashi neman taimakon bankin, ni na raka shi hedikwata, wani dogon bene na gilashi. Ya saka rigarsa mafi kyau. Wata budurwa a teburin karɓar baƙi ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, wa ka zo gani?"

Ya ambaci mutanen da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa jin ko ɗaya ba.

"To, a wane sashe ka yi aiki?"

"A bango, 'yata."

Ta fara dariya, sai ta ga ba wasa yake ba. Ta buga waya sama, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce a yi haƙuri, wanda ba ma'aikaci ba babu abin da za a iya yi masa. Ta kawo masa ruwan sanyi. Ya sha, ya yi godiya, muka fito.

Daga baya 'yarsa ta sami aiki a bankin ta hannun wani kamfanin ɗaukar ma'aikata, har muka ce ko Allah ya kawo sauƙi. Yawo aka sa ta a rana, shago-shago, tana roƙon mutane su buɗe asusu. Da ta kasa kawo adadin da suke so, aka sallame ta ta waya.

Yanzu Kawu ba ya iya hawa ko matakala uku. Ya sayar da tsanin. Anti ce ke riƙe da gidan da wankau, ita ma bayanta ya fara ƙi. Da na je gaishe shi makon jiya, na same shi a jingine da bango, yana jan numfashi da ƙyar.

"Buɗe min tagar nan, 'yar nan," ya ce.

A buɗe take. Na tashi na taɓa ta kawai, na dawo na zauna kusa da shi.