Inda Aka Binne Cibiyata

Jiya na raka Innata wani ofis a Gusau, tana neman takardar zama na dindindin. 'Yar Cadi ce, ungozoma a wani asibiti a Bungudu tun kafin a haife ni. Idan aka hana ta, sai mu tattara mu tafi ƙasar da ban taɓa gani ba.

Muna zaune a benci, wani dattijo ya ji yadda Hausar Inna take fita. Ya ce, "Hajiya, in sun ƙi, sai ku koma gida mana. Namu 'ya'yan ma ba su samu aiki ba."

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wane gidan? Cibiyata tana binne a gindin zogalen gidanmu a Damba. Kuma ka je garin Rawayya ka kira 'Ashta' da ƙarfi, ka ga 'yan mata nawa za su waiwayo. Sunan Inna ne iyayensu suka sa musu, don ita ta karɓi haihuwarsu."

Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah, yarinyar nan da baki!"

Ban sunkuyar da kai ba.

An ce mu jira kira. Da muka dawo gida, na ɗebo ruwa na zuba wa zogalen nan, domin ba inda za mu.

'Yan'uwa, ku faɗa mini, na yi rashin kunya?