Ranar da yaranmu suka tuge irin albasa

Ban taɓa shan wuya a ranar hutu kamar wannan Asabar ba. Sati guda ina ɗaukar buhunan siminti a luzin ta Malbaza, wato masana'antar siminti, amma bai karya mini baya yadda yawon shan iska ya karya shi ba.

Abokina ne ya kawo shawarar. Direba ne, katangarmu ɗaya, kuma baki gare shi kamar rediyo. Lokacin sanyi ne, an gama girbi. Ya ce surukinsa yana da garka a fadamar Badagishiri, mu kwashi mata da yara su je su ga ɗanyen ganye, tunda ba abin da suka sani sai farar ƙurar siminti. Na ce ni barci nake so. Maiɗakina ta ce barcin ba gudu zai yi ba. Magana ta ƙare.

Ya aro wata tsohuwar bashe, mota mai buɗaɗɗen baya, wadda sai an tura take tashi. Ni na tura. Muka zuba tabarmi, tukunyar shinkafa da wake, kayan shayi, da yarana da nasa, babbar cikinsu ba ta daɗe da shiga makarantar lakwal ba. Matan suna baya suna ta hira, yara suna yi wa kowane jakin hanya ihu.

Da muka isa, sai ga mai bakin rediyo ya cire takalmi ya durƙusa gaban surukinsa, murya ta koma ta amarya. Tsohon ya sa mu inuwar mangwaro, ya kawo mana tumatur da dankali, ya ce zai shiga gari ya dawo bayan azahar. Yana juya baya, rediyo ya kama tasha.

Muka ci abinci, muka ɗora shayi. Yara suka hana mu sakat, wannan ya taka kofi, wancan ya hau wuyana. Akwai wani rago ɗaure a gindin icen. Abokina ya ce, "Kai, ku ba mu wuri! Ku je ku ciro wa ragon nan ciyawa."

Suka watse. Wuri ya yi tsit, na miƙe ƙafa, na ɗora hula a fuska. Maiɗakina ta ce, "Shirun nan bai yi mini ba." Na ce ta ƙyale su, yau dai na samu lafiya.

Ban yi nisa ba autata ta tashe ni, ta rungumo wani kore fal hannu.

"Baba, mun samu ciyawa mai kyau, duk tsawonta ɗaya. Amma wari gare ta."

Matar abokina, wadda a garkar ta girma, ta duba sau ɗaya ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Irin Baba!"

Irin albasa ne. Ana yafa shi a fangali ɗaya, ya fito cunkus kamar ciyawa, daga baya a cire a dasa garka duka. Bana kuma damina ba ta yi wa tsohon kyau ba, da albasar nan zai sayi hatsin gidansa. Muka ruga. Fangalin ya koma fili, yaran sun yi aiki tsakani da Allah, ko ɗaya ba su bari ba. Ragon ya ɗanɗana ya kau da kai. Cikinmu duka shi ne mai hankali.

Abokina ya hau zufa cikin sanyi. "Mutumina, mu mayar mu soke su, ba zai gane ba."

Na ce, "Wanda ya shuka da hannunsa? Kai dai nemi abin da za ka faɗa."

Sai ga tsohon. Ya tsaya ya dubi fangalin, ya dubi tulin da ke gaban rago. Bai kalli surukinsa ba, ɗiyarsa ya tambaya, "Wa ya sa su?"

Autata ta nuna abokina da yatsa, tana murna: "Baba direba ne!"

Abokina ya kafe idonsa a ƙasa kamar ya yar da allura. Tsohon ya ɗauki iri ɗaya ya duba saiwar. Ya ce da rai tukuna. Dama bayan kasuwa mai zuwa ya so ya kira gayya a dasa, amma yanzu in ya wuce gobe, ya tafi ke nan. Ni ya miƙa wa guga.

Haka shan iska ya koma aikin garka. Ina jan ruwa daga rijiya, abokina yana gyara fangali da fartanya, mata sun ɗaure zane suna dashe, yara suna kai musu iri, caɓo har kunne, daɗi kamar ranar salla. Shayi ya ƙone a kan garwashi. Duk sanda na miƙe na dafe ƙugu, sai maiɗakina ta ɗago kai ta ce, "Maigida, ya iska?"

Magariba ta yi, rabi bai shiga ƙasa ba. Tsohon ya naɗe sauran cikin jiƙaƙƙen buhu ya ajiye a inuwa. Ya ce, "Allah shi yi albarka, ku tafi da yara. Ni zan lallaɓa." Na dubi buhun, na dubi hannuwansa. Shi kaɗai ba zai gama ba.

A hanya yara suna ta tambayar yaushe za a koma, har barci ya kwashe su. Abokina yana da lodi zuwa Ƙonni da sassafe, ba halin ya ƙi, balle ya koma garka. Ya yi tuƙi mai nisa, sai can ya ce, "Mutumina…"

Na ce, "Na sani. Dubi hanyarka."

Washegari Lahadi, da na yi sallar asuba da kyar na iya ruku'u. Na sa tsohon wandona, na je bakin luzin, na haye wata motar siminti mai zuwa Tawa, na sauka Badagishiri. Na iske tsohon yana kwance bakin buhu. Na gaishe shi, na ɗauki guga.