Baffa Ɗanjuma da Tsaka Mai Ƙifta Ido

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baffa Ɗanjuma a Toranke ya san ba ya miƙa hannu sai ya fara baje yatsunsa a gaban fuskarka ya ce, "Har yanzu goma."

Dalili kuwa tsaka ce. Ba ta bango ba, a'a, wata mai ratsi-ratsi da ƙatuwar jela, wadda ke zama a ƙasa. Akwai tsohon suri da tsibin duwatsu a tsakiyar gonarsa ta gyaɗa, nan suke, shi kuma ya hana kowa taɓa wurin. Mutanen gari suka ce duk wanda ta taɓa sai ya kuturce. Baffa ya ɗora ɗaya a tafin hannunsa a bainar jama'a, aka watse har da masu barin takalmi. Tun daga ranar yake ba da rahoton yatsu.

Matarsa, Inna Rabi, ta ware masa kwano da buta. Ya ce, "Madalla. Dama yaran nan sun dame ni da sa hannu."

Ranar da aka je nema mini aure a Gaya, shi ne babba, tunda yayan mahaifina ne. Wani dattijo cikin surukai ya yi gangancin cewa, "Malam Ɗanjuma, ashe kai ne mai kiwon tsaka?"

"Wace iri?" in ji Baffa, ya gyara zama. "Ai iri-iri ce. Ta bango ba ta rufe ido, ko kunya babu, haka za ta ƙura maka shi har ta mutu. Tawa kuwa tana ƙiftawa. Ƙafarta ba ta da danƙo, ba ta hawa bangon kowa, balle ta leƙa tukunyar kowa. Ƙwarinta take ci, ta koma ɗakinta."

Wallahi sai da aka kira la'asar sannan wani ya tuna da maganar aurena.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Sale, babban ɗansa. Wata kaka Sale ya kwashe tasa gyaɗar kaf ya sayar a kasuwar Ajingi. Sai Baffa ya ja shi gona ya ɗaga dutse.

"Ka ga jelar nan? Rumbunta ke nan. Da damina take tara kitse, da rani ta ci abinta. Kai ina taka jelar?"

Sale ya ce, "Baba, ranar da gonar nan ta zo hannuna, tarakta zan sa ta baje wurin nan."

"To sai ka jira, ni ba sauri nake ba."

Bara Baffa ya rasu, Allah ya karɓi abinsa. Malam Idi da ya yi masa wanka ya fito, ya dubi jama'a, ya ce a hankali, "Goma ne." Haka muka riƙa dariya muna share hawaye.

Da ruwan fari ya sauka, Sale ya cika alkawari, ya kawo tarakta. Na bi shi gonar, raina a ɓace, amma ba ni da ta cewa, gadonsa ne. Direba ya doshi surin. Sai Sale ya ɗaga masa hannu, ya durƙusa, ya ɗaga dutse ɗaya da ƙotar fartanya, don har yau tsoronta yake. Tana nan kwance da jelarta. Ta dube shi, ta ƙifta ido.

Ya daɗe a durƙushe. Can ya jefar da fartanyar, ya mayar da dutsen da hannunsa, daidai yadda ya same shi.

"Zagaye," ya ce da direba. Ni kuma ya ce mini wai duwatsun ne za su karya garma. Ban musa ba, na ga idonsa.

Kai, Baffa, mun yi kewarka. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi, kamar yadda ka bar wa bayinsa nasu.